Hannun Norbert a Bayan Sirdi

A Kalvegem, wani ƙaramin gari a yankin Flanders, in aka haifi ɗa namiji, tsofaffin gari cinyarsa suke fara dubawa kafin su tambayi sunansa. Ranar da aka haifi Jorre Dendooven ba a ba su wannan wahalar ba, don ubansa Norbert daga asibiti bai zame ko'ina ba sai mashayar Rosa da ke jikin coci, ya bugi tebur ya ce an haifi ɗan tseren keke. Aka yi shewa, aka sha giya a aljihunsa. Shi Norbert ma'aikacin masaƙa ne. Da ƙuruciya ya yi tseren ƙauye-ƙauye, kuma duk abin da ya taɓa ciwowa wata fitilar tebur ce da ba ta taɓa kamawa ba. Amma in ana zancen keke, ko limamin coci sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Uwar Jorre ta rasu yana ƙarami. Yayarsa Griet ce ta zame masa uwa, uban kuma ya zame masa koci tun bai iya ɗaure takalmi ba. Norbert yana da dokoki, irin waɗanda kowane tsohon ɗan tsere a Flanders yake da su, sai dai shi ya riƙe nasa kamar saukakken littafi. Kada ka tsaya in da wurin zama, kada ka zauna in da wurin kwanciya. Ba a hawa bene da ƙafar tsere. Da sanyi ya shigo an daina musabaha da kowa, kuma mai tari ko mai mura, ko wane ne shi, a guje shi. "Mura ɗaya a Fabrairu," in ji shi, "ta cinye maka Afrilu." Mu nan kuwa watan Afrilu, watan manyan tsere, shi ne shekara, sauran watannin jiransa kawai ake yi.

Akwai kuma abin da ba doka ba ne, sabo ne kawai. Duk safiya in Jorre zai fita horo, Norbert yakan biyo shi ƙofar gida da silifas, ya dafa bayan sirdi da hannu ɗaya, ya ɗan ruga da shi, sannan ya hankaɗa shi kan titi ya ce, "Je ka, kada ka waiwayo." Hannun nan faffaɗa ne kamar marfin tukunya, in ya tura ka sai ka wuce gidan mai burodi ba ka taka feda ba. Tun keken Jorre yana da ƙananan tayoyi a gefe ake wannan turi, har yaron ya fi ubansa tsawo, har ya fara jin kunyar maƙwabta. Bai dai taɓa cewa a daina ba.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a gidan nan ɗan ne ya yi gudun da barewar ba ta samu yi ba. Ba wai Jorre gwani ba ne na a zo a gani. Hawan dutse ba nasa ba ne, zafin ƙafa a ƙarshen tsere ma ba shi da shi. Abin da Allah ya ba shi juriya ce da rashin gardama. Yana ɗan shekara ashirin da uku wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararru, wadda wani kamfanin ƙofofi da tagogi ke ɗaukar nauyinta, ta ba shi kwantiragi. Rosa ta sauke hoton wani tsohon zakara daga bango ta rataye nasa. Aka kafa kulob ɗin magoya baya, aka buga huluna masu sunansa, har da ganga aka saya. A wurin walimar Norbert ya miƙe zai yi jawabi, tari ya hana shi. Aka yi ta dariya ana cewa murna ce ta shaƙe shi.

Ba murna ba ce. Ƙurar masaƙa ce ta shekara da shekaru ta zauna masa a huhu. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: ciwon ba ya warkewa, kuma ba ya yaɗuwa, ba wanda zai kamu da shi daga wurinsa. Norbert ya ji rabin farko ya ɗaga kafaɗa, rabi na biyu kuwa ya ce likita bai taɓa tseren keke ba. Tari dai tari ne. A makon nan ya sa Jorre ya kwashe kayansa ya koma wani ɗaki a birnin Kortrijk, kuma ya yanke hukunci: ba shiga gida, ba gaisawa da hannu, sai bayan Afrilu.

'Yan huluna na mashayar Rosa sun ɗauka rayuwar ƙwararren ɗan tsere furanni ce da sumbar 'yan mata. Da sun leƙa ɗakin Kortrijk da sun sha mamaki. Jorre yakan hau sikeli kafin ya wanke ido. Ya auna hatsin da zai dama a wani ƙaramin sikelin, ya auna shinkafa, ya auna har man da zai ɗiga mata. Wata safiyar bugun ƙofa ne ke tashinsa, wani mutum da jaka ya zo karɓar fitsarinsa don gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, kuma sai ya tsaya a kansa ya ga fitowarsa da idonsa. Daga nan sai keke, yini guda a bakin kogi da tsakanin gonakin da aka girbe, iska na marin fuska, ruwan sama na shiga ta wuya yana fita ta takalmi. In ya dawo ya yi wanka ya kwanta ya jingina ƙafafu da bango, yana shaƙar ƙamshin soyayyen dankali daga shagon da ke ƙasa. Yunwa ce abokiyar zamansa. Ba ya zuwa biki, ba ya shiga bas ɗin haya, in ya hango yaro mai majina sai ya tsallaka titi.

Hanyar horonsa kuwa, ko ta ina ta faro, sai ta biyo ta Kalvegem. Yakan tsaya a tagar kicin, ƙafa ɗaya a feda, ɗaya a kan dakali, ya ƙwanƙwasa gilashi. Norbert na zaune a ciki da bargo a cinya. Griet ta ɗan buɗe tagar ta sama, iya yadda murya za ta wuce.

"Baba, ya jiki?"

"Jikin wa? Kai dai ya ƙafa? Tun daga kwanar coci na ga ƙugunka na rawa a kan sirdi."

"Iska ce."

"Kowane rago iska yake ɗora wa laifi. Ja zif ɗinka, maƙogwaronka a waje."

"Auta," in ji Griet, "ga miya a wuta. Ko ita ma tari take?"

"Ke bar shi ya tafi, zufa na bushe masa a jiki."

Sai Jorre ya juya keken ya tura kansa da ƙafa. Babu mai fitowa da silifas. Tun yana jin kamar ya manta wani abu a gida har ya saba, ko dai ya ce wa kansa ya saba.

A Janairu ƙungiya ta tafi sansanin horo a Sifaniya, a can ya gane dalilin ɗaukarsa. Makanike ne ya faɗa masa yana gyara masa sirdi, ba kuma da mugunta ba. Tsawon ƙafarsa ɗaya da na Arne Stragier, zakaran ƙungiyar, wanda duk sauran suke yi wa aiki. Wato keken Jorre keken Arne ne na biyu, mai kawo kansa da kansa. Aikinsa ya tare wa Arne iska, ya koma motar ƙungiya da ke biye da su ya cuso gorunan ruwa a cikin riga kamar mai juna biyu, ya karɓi rigar ruwan da Arne ya tuɓe, kuma ranar da tayar Arne ta yi faci a inda mota ba ta kusa, ya sauka ya miƙa masa keken. Da ya gaya wa ubansa a waya ya yi zaton tsohon zai ji ciwo. Sai Norbert ya ce, "To sai me? Duk zakaran da ka sani a bayan wani ya laɓe. Ka riƙe aikinka." Daga nan tari ya ƙwace wayar.

Tseren farko a kudancin Faransa aka yi shi, kuma ya raina kansa. Mutanen da ya girma yana kallo a talabijin hira suke da dariya a gudun da shi numfashi ke gagararsa. Da aka dawo Flanders a ƙarshen Fabrairu abin ya fi muni, don a nan ba da ƙafa kaɗai ake tsere ba, har da gwiwar hannu. Kafin kowace hanyar duwatsu mutum ɗari da wani abu ke rububin shiga lungun da bai fi faɗin tarakta ba, ana zagi da yare uku. Ya faɗi a wata kwana, ya bar fatar ƙugunsa a kan titi, ya ƙarasa a motar tsintsiya, wadda ke bin bayan tsere tana kwashe waɗanda suka gaza. Ya yi mako zanen gado na manne masa a ciwon. Amma a tsere na gaba ya kai Arne bakin duwatsu a sahun gaba, kuma da yamma koci Wilfried ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yau ka ci abincinka." A bakin Wilfried wannan kirari ne.

Otel ɗaya kamar wani, taliya ɗaya kamar wata. Bayan kowane tsere, in mai tausa ya gama murza masa cinya, yakan kira gida. Norbert ya kalli komai a talabijin, kuma a cikin taron nan da ko uwa ba za ta gane ɗanta ba, shi yakan gane nasa ta kafaɗar hagu da ke ɗan karkata. Yakan jero masa kurakurai, inda ya sha iska a banza, inda ya bari aka ture shi. Jorre ya lura kurakuran na raguwa daga mako zuwa mako, kuma ba don ya daina yin su ba. Numfashin faɗa ne ke ƙarewa.

A tsakiyar Maris Griet ta tare shi a ƙofar gida kafin ya kai taga. An kawo tukunyar iskar numfashi, ta ce, da robar da ake sa wa a hanci, kuma an sauko da gadon Baba falo.

"Sauko daga kan ƙarfen nan ka shiga ka zauna da ubanka."

"Yaya, kin san ba zai yarda ba."

"Na san shi ba zai yarda ba. Kai fa? Likita ya faɗa ya sake faɗa, ba a ɗauka. Ni da nake wanke masa hankici kullum, ka ji na yi ko atishawa?"

"Ai ke ba kya tsere."

"Wallahi ba don ka girma ba da na mare ka. Afrilu, Afrilu! Wa ya yi maka alkawarin Afrilu?"

Ya jingine keken, ya cire hular kwano, har ya ɗora ƙafa a dokin ƙofa. Muryar Norbert ta fito daga falo, a dishe amma da sauran kaifi. "Duk wanda ya shigo min gida da takalmin tsere, ba ni ba shi. Wahalar shekara ashirin zan zubar don kina marmarin kuka?"

Jorre ya ja da baya, kuma gaskiya ɗaya ce, sauƙi ya ji a ransa. Yana tsoron mura da gaske, don sabon shiga in ya kwanta a Maris wani ake sawa a gurbinsa, kuma ba lalle ya sake ganin wurin ba. Amma akwai tsoron da ya fi wannan. Ta bayan gilashi ubansa yana nan yadda ya san shi, mai faɗa, mai gyara masa zama. Ya san in ya matsa kusa wani mutum dabam zai gani. Dokar nan ta zame musu mafaka su biyun, kowa ya laɓe a bayanta, Griet kaɗai aka bari a fili.

Ana haka sai aka ji wani tseren tsakiyar mako a ƙarshen Maris zai ratsa Kalvegem, ta ƙofar gidan Dendooven, kuma Wilfried ya sa Jorre a ciki. Al'ada ce tun kaka da kakanni, in ayarin 'yan tsere zai wuce garin ɗayansu kuma gumurzu bai fara ba, yakan nemi izinin manya a bar shi ya yi gaba shi kaɗai, ya tsaya ya gaisa da danginsa, in ayari ya iso ya shige ciki. Jorre ya kai maganar taga.

Norbert ya gyara robar da ke huci a hancinsa. "Ranar zan fito," ya ce. "A kai min kujera bakin titi. In da safa a hannunka, ba laifi mu gaisa."

"Ka yi alkawari?"

"Kai zan yi wa ƙarya? Ka dai zo min kai kaɗai. Kada ka zo a tsakiyar garke kamar tunkiya."

Daga ranar Jorre ba shi da wani tsere a ransa sai wannan. Ba nasara yake nema ba. So yake ya riƙe hannun ubansa tun hannun yana iya riƙe shi.

Da safen ranar, a dandalin da ake fara tseren, ya nemi Gorik, wani tsohon ɗan tsere na wata ƙungiyar, mai furfura a gemu, wanda in ya ce a tsaya fitsari ayari duka ke tsayawa.

"Ranka ya daɗe, wata alfarma nake nema."

"Kai ne sabon keken Arne, ko? Faɗi."

Jorre ya faɗa masa. Gorik ya ɗaga kai ya dubi tutocin dandali, duk sun yi laƙwas.

"In iska ta kwanta haka, je ka sumbaci har karen gidanku. In ta tashi kuwa, yaro, ko uwata ce a bakin titi ban san ta ba." Sai ya ɗan sassauta murya. "Norbert mai fitila ne ubanka? Tsohona ya yi tsere da shi. Ka gaishe shi."

Wilfried ma ya yarda, da sharaɗin rediyon da yake ba su umarni ta ciki ta zauna a kunne.

Rabin farko na tseren ya tafi lami lafiya. Wasu 'yan neman suna sun yi gaba, ayari ya ƙyale su, ana tafe ana cin ayaba. Yayyafi ya fara. Da suka doso hanyar duwatsun da ke ratsa gonaki kafin Kalvegem, Gorik ya waiwayo ya ɗaga masa haɓa. Jorre ya miƙe a kan feda ya fita. Wani ya yi masa fito, wani ya ce ya taho musu da giya. Duwatsun nan ya san su ɗaya bayan ɗaya, a kansu ya koyi faɗuwa. Ga hasumiyar coci can a ƙarshen gona, har yana jiyo gangar 'yan kulob ɗinsa.

Iska ta bugo daga hagu lokaci ɗaya, har keken ya yi tangaɗi. Bai gama daidaita shi ba rediyo ta fashe a kunnensa.

"Jorre! Arne ya yi faci! Tsaya! An yi karo a baya, mota ta kasa wucewa. Jorre, kana ji na?"

Yana ji. Kowane ɗan tsere ya san yadda ake yi wa rediyo in ba a son jin ta: a fizge ta daga kunne, da yamma a ce ruwa ne ya shige ta. Hannunsa har ya tashi. Amma ɗan da aka yi wa tarbiyya a gidan Norbert ba zai iya wannan ba, kuma ya san in ya isa ƙofar gida ta haka, tambayar farko da tsohon zai yi masa ita ce ina Arne. Ya matse birki.

Ayari ya wuce shi, iska ta riga ta tsinka shi gida-gida. Ba mai fito yanzu, Gorik ma kansa na ƙasa. Ana babbakar giwa, wa ke jin ƙaurin zomo? Arne ya iso a kan tayar da ta kwanta, ya diro, ya fizgi keken Jorre ba ko kallo. Jorre ya dafa bayan sirdin, ya ruga da shi a kan duwatsu da takalmin da ba don gudu aka yi shi ba, ya hankaɗa shi da iya ƙarfinsa. Sai da Arne ya ɓace ya gane turin wa ya yi.

Ya daɗe a tsaye a bakin gona riƙe da keken wani, ruwa na dukansa. Da motar ta samu wucewa, makanike ya diro ya canja masa taya. Wilfried ya leƙo ta taga. "Aikinka ya yi kyau. Shigo, ka jiƙe."

"Oga, bar ni in ƙarasa gari."

Wilfried ya dube shi, ya tuna mai jiransa a bakin titi, ya kau da kai. Motar ta bi bayan Arne da gudu.

Abin da ya faru a Kalvegem kuwa, duk wanda ke wurin ya gani. An fito da Norbert tun da wuri, da bargo biyu da hular kulob, tukunyar iska a gefen kujera. Ayari ya wuce a yayyage, ba Jorre a gaba, ba shi a tsakiya. 'Yan huluna suka yi cirko-cirko. Sai ga Arne shi kaɗai yana bin su a baya, kuma Norbert, da idonsa bai tsufa ba, ya karanta lambar da ke jikin keken.

"Keken yarona ne," ya ce. "Ya yi aikinsa. Yana tafe."

Griet ta ce a koma ciki, ruwa ya fara ratsa bargo. Rosa ta roƙe shi, limamin coci ya roƙe shi. Ya damƙe hannun kujera ya ce sai dai a ɗauke shi da titin.

Lokacin da Jorre ya shawo kwanar coci mutane sun fara naɗe tutoci. Ya zo shi kaɗai kamar yadda aka umarce shi, sai dai ta baya. Mai ganga ya buga sau biyu, ya ji kunya ya daina. Jorre ya tsaya a gaban kujerar ya sauke ƙafa ɗaya. Ba gilashi a tsakaninsu, kuma abin da ya yi ta tsoro shi ya gani. Wuyan ubansa ya zama kamar sillen kara, leɓɓansa sun yi shuɗi, hular ta yi masa yawa. Ya ciji safar hannunsa ya zare ta, ya miƙa hannu tsirara.

Norbert ya dubi hannun, ya daɗe yana dubansa. Sai ya cusa nasa cikin bargo.

"Da safa na ce. Dube ka, sharkaf, kana karkarwa. Yanzu ne jiki ke buɗe, ko numfashina ya isa ya kwantar da kai."

"Baba, ka yi alkawari."

Ya shiga kokawar mayar da safar, amma ta jiƙe, yatsunsa kuma sun ƙage da sanyi, ta ƙi shiga.

"Me ka tsaya yi? An ce maka an tashi tseren?"

"Nawa ya ƙare, Baba."

"Motar tsintsiya ba ta iso ba. Ɗan Dendooven ba zai jira ta a ƙofar gidansu ba, gari na kallo. Juya keken. Griet, ɗaga ni."

"Baba, don Allah..."

"Ɗaga ni na ce!"

Ta ɗaga shi, Rosa ta riƙe tukunyar iska. Jorre ya gyara keken ya fuskanci titi, ya sa ƙafa a feda, idonsa ya cika har ba ya ganin gabansa. Ya ji an dafa bayan sirdin, yatsu sun ɗan shafi ƙugunsa. Ya jira turin. Abin da ya zo bai fi tsuntsu ya sauka a reshe ba, keken ko motsi bai yi ba.

"Je ka," in ji Norbert, "kada ka waiwayo."

Jorre ya danna feda sau ɗaya da duk abin da ya rage a cinyarsa, ya fizgi kansa baya kamar wanda aka hankaɗa, keken ya zabura. Bai ƙara takawa ba. Ya bar shi yana gangarawa haka nan har ya wuce gidan mai burodi, yadda aka saba. Bai waiwaya ba. Motar tsintsiya ta cim masa a gari na gaba, Arne kuma bai shiga ko cikin ukun farko ba.

Murar da aka yi wata da watanni ana gudu ta zo, amma ba Jorre ta kama ba. Sanyin ranar ya sauka a huhun da ba shi da sauran ƙarfin ɗaukarsa. Norbert ya hana a gaya wa yaron, ya ce yana da tsere a Faransa ranar Lahadi, kuma Griet, da ta gaji da faɗa da maza biyu, ta yi shiru, abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Tsohon ya cika a lokacin da Jorre ke kan keke, wayarsa na cikin bas ɗin ƙungiya. Afrilu ya shigo ya same su a maƙabarta.

Jorre ya riƙe hannun a ƙarshe, a ɗakin da aka shimfiɗe gawar, ba safa. Hannun ya ƙanƙance, ya yi sanyi, kuma bai riƙe shi ba. Da-na-sani ƙeya ce. Ya tsaya a wurin yana tuna duk safiyar da ya jingina da tagar nan, ƙofa na gefensa, ba ko kulle.

Bayan jana'iza aka taru a mashayar Rosa ana shan kofi da burodi, kamar yadda ake yi. Griet ta zo ta zauna kusa da shi.

"Auta, ka san abin da ya ce da ka tafi?"

Ya girgiza kai.

"Ya tsaya yana kallonka har ka sha kwana, ya ƙi zama. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini. Ya ce, 'Kin ga yadda ya tashi? Har gidan mai burodi bai taka ba. Likitan nan naku ya zo ya gani.'" Ta share ido da bayan hannu. "Har ya cika zancensa ke nan. Duk wanda ya shigo duba shi sai ya sha labarin."

Jorre ya juya kofinsa a kan tebur. Griet ba ta tambaye shi yadda aka yi keken ya tashi ba, don ita ce ke riƙe da tsohon ranar, ta san iya ƙarfin da ya rage a hannun.

Ya dawo gidan da zama. Yana nan yana tsere, yana ɗebo wa Arne ruwa, hotonsa na bangon Rosa har ya fara koɗewa. Yanzu da hannu yake gaisawa da kowa, ko da sanyi, har Wilfried na yi masa faɗa. In ka biyo ta titin coci da safe za ka gan shi ya fito da keke, ya sa ƙafa a feda, ya ɗan dakata a ƙofar gida yana kallon titi. Sannan ya tura kansa ya tafi.